Muzurun da Aka Bar wa Goggo Tela

Goggo Tela ba ta taɓa zuwa hutun ƙarshen shekara ba. Lokacin da mutanen gidan benen da take haya suke saukowa da akwatuna, yara suna tsalle a matattakala, ita lokacin ne aiki yake kai mata iya wuya. Kowa yana son sabuwar riga, kuma kowa yana son tasa tun jiya.

Tana amarya ta shigo ɗakuna biyun nan na ƙasa. Mijinta makanike ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya dawo wata rana da tsohon keken ɗinki a bayan mota ya ajiye mata ƙarƙashin taga, ya ce ta gwada ko za ta iya. Ta gwada, ta ɓata yaduka, ta soke yatsa, har hannu ya faɗa. Da Allah ya yi masa rasuwa, keken nan ne ya riƙe gidan. Da shi ta yi wa 'ya'yanta biyu karatu, ta aurar da macen, namijin kuma aiki ya kai shi nesa. Suna kira, suna cewa ta zo ta huta. Takan ce to, sai ta gama kayan mutane. Kayan mutane kuwa ba sa ƙarewa.

Da yake kowa ya san tana nan daram, ita ake bar wa amana in za a yi tafiya. Makullai suna rataye a ƙusa bayan ƙofarta, tukwanen furanni suna jere a bakin tagarta. Wata shekara har aku aka bar mata. Da masu shi suka dawo suka ɗauke shi, sai ga tsuntsu yana ce wa duk wanda ya shiga gidansu, "Ki dawo gobe, saura kalmasa!" An daɗe ana tsokanarta da wannan, ita ma tana dariya har da hawaye.

Abu ɗaya ne ba ta yi wa dariya. Tun shekarun baya kaɗan, kafar allura ta fara yi mata wasan ɓuya. Keke dai hannu da ƙafa sun haddace shi, ko ido rufe za ta yi ɗinki miƙaƙƙe. Amma aikin hannu, irin su maɓalli da kalmasa da duwatsun ado, sai an zura zare. Sai ta samo dabara. Da hantsi rana takan leƙo tagarta na ɗan lokaci kafin ta haye bayan benen da ke kallonsu. A wannan hasken take zama ta zura duk alluran da za ta yi aiki da su ranar, kowace da launin zarenta, ta soke su a jere a hannun tsohuwar kujerarta, zaruruwan suna reto kamar gemu. Da ta ji an ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta yi maza ta yafa ƙyalle a kai. Ta san halin mutane. Ranar da aka ce idon tela ya mutu, ranar kekenta ma ya mutu.

A saman ɗakinta akwai wata yarinya ma'aikaciyar asibiti, kowa Nas yake ce mata. Ba ta da hayaniya, gaisuwarta ma sai ka kasa kunne. Ba ta da kowa a garin sai wani muzuru fari mai baƙin kunne ɗaya, wanda ta tsinta yana jariri a cikin kwata bayan asibiti, ta raine shi da sirinji. Ta sa masa suna Manaja, wai don ba ya aikin komai amma shi ke fara ci.

Wata rana da yamma Goggo ta ji ta a matattakala tana waya. "Baba, ka yi haƙuri, bana ma sai dai baɗi. Ba ni da wanda zan bar wa gida."

Goggo ta ɗaga labule. "Ke 'yar nan, zo nan. Wane gida ne ba ki da wanda za ki bar wa? Gadonki ne zai gudu ko tukunyarki?"

Nas ta sunkuyar da kai. "Manaja ne, Goggo."

"Saboda kyanwa kike hana tsoho ganin 'yarsa?"

"Ba ya yarda da kowa. Kuma lokacin hutu abubuwa sun yi yawa. Yara suna fasa abin ƙara a titi, yana firgita. Baƙi suna barin ƙofa a buɗe. Wani ya ba shi ƙashi ko ragowar abinci mai albasa, shi ke nan. In wani abu ya same shi, Goggo, ni ban san..."

Goggo ta dube ta. Ta ga yarinyar da ke dawowa daga aiki ƙafa a kumbure, ba mai yi mata sannu sai wannan dabba.

"Na riƙe aku, na riƙe 'ya'yan mutane, na riƙe ƙanin mijina da ya fi su duka wuyar sha'ani. Ki je ki ga mahaifinki. Yadda kika bar Manaja haka za ki same shi."

Ranar tafiya Nas ta sauko sau uku tana ƙara bayani, har Goggo ta kore ta da tsintsiya.

Kwanakin farko Goggo takan hau sama safe da yamma, ta zuba masa abinci, ta canja ruwa. Manaja yakan zauna kan firiji yana kallonta kamar ta zo neman aiki. Amma da yaran layi suka fara fashe-fashensu tun da la'asar, sai ta tarar da kwanon a cike, shi kuma ya cusa kansa bayan firijin yana ta kyarma. Tausayi ya kama ta. Ta naɗe shi a tawul ta sauko da shi ɗakinta.

Nan ta nuna ita tsohuwar mai riƙon amana ce. Ta rufe taga, ta rataya bargo mai kauri a kai in yamma ta yi. Duk mai karɓar ɗinki da ta shigo, kafin ta yi sallama ta gama, Goggo ta ce, "Ja ƙofar, muna da baƙo." Wata ta miƙa masa guntun cakulan daga jakarta, Goggo ta kaɗe hannun kamar ta ga wuta. Ƙarar keken ta zame masa abin lallashi. Yakan kwanta cikin kwandon ƙyallaye, ana fashe-fashe a waje, shi yana minshari.

Kullum da rana Auta yakan biyo shan shayi. Shi ne ƙanin marigayi mijinta, direban tasi, gemunsa ya yi fari fat amma har yau Auta take ce masa.

"Matar Yaya, ashe kin yi sabon miji ba ki gaya mini ba?" in ji shi, da ya ga muzurun a kan matashin da ya saba zama.

"Na yi. Ya fi ka kunya, ya fi ka tsabta, kuma ba ya cinye mini sukari."

"To ai ga shi nan irin na zamani, ke ke nema shi yana kwance."

"Kai da kake nema me ka taɓa kawowa ban da surutu?"

Ranar da abin ya faru, saura kwana kaɗan shekara ta ƙare, kayan mutane sun yi tsibi a kan tebur. Goggo ta zura alluranta da hantsi kamar kullum, ta jera su a hannun kujera. Ta tashi ta shiga kicin ta ɗora ruwan zafi. Ba ta yafa ƙyallen ba, don ba wanda ya ƙwanƙwasa. Shekara da shekaru tana ɓoye alluran nan daga idon mutane, bai taɓa zuwar mata a rai ba cewa akwai wani mai ido a ɗakin, wanda zare mai reto ya fi komai burge shi a duniya. Ita ma Nas da ta lissafa mata haɗurra ba ta ambaci wannan ba, don ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ba.

Da ta fito, ta ji wani irin kakari a ƙarƙashin tebur. Ta durƙusa. Manaja yana ta kai hannu bakinsa, yawu yana dalala, ga koren zare yana leƙowa ta gefen leɓensa.

Ta juya ta dubi hannun kujera. Ga fari, ga baƙi, ga shuɗi. Gurbin koren babu komai.

Ta ɗauko maganaɗisun da take tsince allurai da shi, ta bi ƙasa da rarrafe, ƙarƙashin kujera, bakin keke, cikin kwandon ƙyallaye. Ya kamo ƙananan ƙusoshi da wani tsohon fil. Allurar koren zare ba ta fito ba.

A haka Auta ya same ta. "Matar Yaya, sujada ake yi wa sabon mijin?"

"Rufe ƙofa, Auta. Ya haɗiye allura."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tsuguna ya leƙa. "Ga zaren nan ai a waje. Bari in riƙe shi, ke ki ja a hankali, za ta biyo."

Kafin ya rufe baki yatsunta sun riga sun kama bakin zaren. Hannun tela ne, ba ya ganin zare yana lilo ya ƙyale. Ta ɗan taɓa shi kaɗan, sai ta ji ya riƙe daga ciki. Muzurun ya yi wata ƙara da ba ta taɓa ji ba. Ta saki kamar ta taɓa garwashi. Ta sha ganin abin da ke faruwa da yadi in aka ja zaren da ɗaya bakinsa ya kafe: ko ya tattare ko ya yage. Wannan kuwa ba yadi ba ne da za ta sayo wani.

"Ba zan ja ba. Tayar da mota."

Ta fizgo abin da hannunta ya fara kaiwa a kan tebur ta naɗe shi ciki, ta bar kansa a waje. Sai da suka hau titi ta lura leshin matar mai gidan haya ne, wanda ta yi alkawarin gamawa a ranar. Ta dube shi, ta dubi yawun da ke zuba a kai, ta ƙara rungume muzurun.

Asibitin dabbobin da Auta ya sani a rufe suka same shi. Mai gadi ya ce likita ya tafi hutu, sai sabuwar shekara. Goggo ta shiga addu'a ƙasa-ƙasa. Auta ya fito da waya ya shiga kiran abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya. "Kai, ba ni ne ba lafiya ba, kyanwa ce. Eh, kyanwa. Ka yi dariyarka daga baya, yanzu gaya mini inda ke buɗe." Wani ya ce ya taɓa sauke mai kare a wani wuri bayan babbar kasuwa. Hanyar kasuwa kuwa ta cushe da masu sayayyar hutu, mota ba ta gaba ba ta baya. Auta ya karya kan motar ya shiga lunguna, yana ba masu tura kaya haƙuri ta taga, madubinsa yana gogar bango. Duk ramin da suka faɗa, Goggo sai ta ɗaga muzurun sama a hannuwanta don kada girgizar ta kai gare shi.

Wurin ƙaramin shago ne tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Likitar mace ce, matashiya, da alama ita kaɗai ta rage a bakin aiki. Ta karɓi muzurun ta haska bakinsa da 'yar fitila.

"Mama, kun ja zaren?"

"Na taɓa, na ji ya riƙe, na saki."

"Kin kyauta. Yaya tsawonsa?"

Goggo ta miƙa hannu daga yatsa zuwa kafaɗa. "Haka, a ninke biyu, da ƙulli a ƙarshe. Allurar siririya ce, ta duwatsun ado."

"Sai na sa shi barci na ɗauki hoto kafin in san inda ta tsaya. In tana sama, da sauƙi. In ta wuce ciki, sai an yi aiki. An taɓa sa shi barci? Yana da wani ciwo?"

Goggo ta girgiza kai. "Ba nawa ba ne. Amana ce."

"To a kira mai shi."

Wannan ne abin da take gudu tun a mota. Ta fita bakin ƙofa da wayar, Auta ya latsa mata lambar. Nas ta ɗauka da fara'a, ana jin hayaniyar gida a bayanta, da muryar wani tsoho yana tambayar wa ke kira.

"'Yar nan, ki nutsu ki ji. Manaja ya haɗiye allurata. Muna wajen likita."

Goggo ta ji Nas ta fice daga cikin hayaniyar.

"Allura, Goggo? A ina ya same ta?"

"A hannun kujerata. Nakan zura su da safe in jera, don idona ba ya ganin kafar in rana ta juya. Na tsare ƙofa, na tsare taga, ban tsare wannan ba."

Nas ta ja numfashi. Da ta sake magana, muryar ma'aikaciyar asibiti ce ta fito. Ta ce a ba likita wayar, suka yi maganarsu, ta amsa duk abin da aka tambaya. Da wayar ta dawo hannun Goggo sai muryar ta karye. "Zan nemi mota in taho yanzu."

"Ko kin taso yanzu ba za ki iso yau ba. Ki ba ni zuwa la'asar. In ya zama dole ki zo, ni da bakina zan ce ki zo."

"Goggo, kada ki bar shi shi kaɗai."

"Ina nan, ko za a rufe shagon da ni a ciki."

Suka zauna a benci ita da Auta. Ta ninke leshin da ya ɓaci a cinyarta, ta warware, ta sake ninkewa. Auta ya yi gyaran murya.

"Matar Yaya, maganar idon nan, ai tun bara na sani."

Ta juyo. "Wa ya gaya maka?"

"Rigata. Kin sa mini maɓalli ruwan ƙasa a cikin baƙaƙe. Fasinjoji suna ta kallona, na ce musu sabon yayi ne."

"Shi ne ba ka yi magana ba?"

"In yi magana ki hana ni shayi? Kuma Yaya ya ce mini in kula da ke, bai ce in tona ki ba."

Ta kawar da kai ta goge ido da bakin mayafi. "Allah ya shirye ka, Auta."

"Amin, mu biyu."

Da ƙofar ciki ta buɗe, Goggo ta miƙe har gwiwarta ta yi ƙara. Likitar ta fito da ɗan faranti na ƙarfe. A ciki ga allurar, ga koren zaren a dunƙule.

"Ba ta wuce ba. A can ƙarshen ganɗa ta kafe, zaren kuma ya naɗe ƙarƙashin harshe. Na cire duka. Zai yi kwana biyu yana jin zafin haɗiya, a ba shi abinci mai laushi da wannan magani. Mama, zauna mana, kada ke ma in sa ki a gado."

Goggo ta koma kan benci, ta rufe fuska da tafukanta, tana ta hamdala. Auta ya kira Nas, ya ma kasa tsara maganar, sai cewa yake, "Ta fito, ta fito, ga ta nan a faranti!"

Da suka dawo gida, kafin ta cire mayafi ta zare alluran nan kaf daga hannun kujera. Ta juye wani gwangwanin madara mai murfi, ta naɗe kowane zare a jikin guntun kwali, ta zuba su ciki ta danne murfin. Ta share ɗakin, ta bi da maganaɗisu lungu-lungu. Ta gyara wa Manaja shimfiɗa a uwar ɗaka, inda ba zare ba almakashi. Matar mai gidan haya ta zo karɓar leshinta, ta tarar da shi a jiƙe cikin baho. Ta yi faɗa son ranta. Goggo ta saurara har ta gama, ta ce, "Kin yi gaskiya. Jibi za ki same shi, in Allah ya so." Lokacin Goggo ta buɗe gwangwanin za ta ɗauki allura; da matar ta ga alluran a zure, ba ta rufe ba.

Ranar Manaja bai ci komai ba. Washegari da safe ma ya shinshina ya kawar da kai. Nas ta kira ta ce ta samo motar da za ta tashi da rana, jakarta a haɗe take. Goggo ta ce ta dakata tukuna. Ta dama masa kifi ya yi ruwa-ruwa, ta ɗan ɗumama, ta zauna a ƙasa kusa da shi ba ta ce masa ci ba. Can sai ya miƙe, ya yi miƙa, ya sa baki. Ta yi maza ta kira Nas ta kanga wayar a bakin kwanon.

"Kina ji?"

"Mene ne wannan?"

"Manajanki ne ya koma bakin aiki."

Nas ta yi dariya da kuka a haɗe. Sai aka ji muryar tsohon nan kusa da wayar, yana cewa a ba shi ya gaisa. "Baiwar Allah, ke ce mai riƙon kyanwar? Tun jiya yarinyar nan take zaune kan jaka kamar mai jiran jirgi. In ce ta kwance kayan?"

"Ta kwance, Baba. Ta zauna ta cinye hutunta kaf."

"To Allah ya yi miki albarka. Dama ta fara yanke mini farce ta tsaya a hannu ɗaya."

Da suka yi sallama, Goggo ta fito ta ja ƙofar uwar ɗaka ta rufe, ta zauna gaban keke. Ba ta kai ƙarshen layi ɗaya ba Manaja ya fara kuka a bayan ƙofar, yana yaƙushin katako, shi ala dole sai an buɗe masa ya dawo cikin ƙyallaye. Auta da ke shigowa ya toshe kunne.

"Matar Yaya, ki buɗe masa mana, zai tara mana unguwa."

"Bar shi ya yi," in ji Goggo, tana taka keke. "Maƙogwaron da ke wannan ihun ai ya warke."